Yadda majami'a za ta shirya wa unguwa daren kiɗan jaz kyauta

Duk ranar Lahadi da ƙarfe biyar na yamma, a majami'ar Saint Peter da ke kan titin Lexington a tsakiyar birnin New York, ana yin sujadar yamma da kiɗan jaz. Fasto John Garcia Gensel ne ya fara ta a 1965. Ya lura cewa makaɗan da yake zumunci da su ba sa samun sujadar safe, don mutumin da ya kwana yana busa har asubar Lahadi ba zai iya zama a kan benci da ƙarfe tara ba. Sai ya mayar musu da sujada lokacin da za su iya zuwa, ya ce su taho da kayan kiɗansu. A wannan majami'a aka yi jana'izar shahararren mai busa saksofon John Coltrane a watan Yulin 1967. A shekarar 1965 ɗin kuma, ranar 16 ga Satumba, Duke Ellington, fitaccen shugaban makaɗan jaz, ya kai makaɗansa babbar majami'ar Grace da ke San Francisco suka yi kiɗan yabo, a lokacin da mutane da yawa ke ganin jaz kiɗan mashaya ne kawai.

Tun daga wancan zamani abin ya bazu, har ya zama ba sai babbar majami'a ba. Ni kaina ina cikin kwamitin da ke shirya irin wannan dare a wata ƙaramar majami'a a nan Amurka, kuma 'yan'uwa da ke wasu garuruwa sun sha tambayata ta ina ake farawa. Abin da zan faɗa a nan ya shafi dokoki da al'adun ƙasar nan ne. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko: in an ce kyauta, mai sauraro ne ba zai biya ba. Makaɗi sai an biya shi.

Mataki na farko: ku yanke ko sujada ce ko taron kiɗa

Kafin ku nemi makaɗi ko ku buga takardar sanarwa, ku zauna ku amsa wannan tambaya, don komai a kanta yake rataye. Sujadar yamma da jaz tana da addu'a, da karatun Littafi Mai Tsarki, da gajeren wa'azi, kiɗa na shiga tsakani. Taron kiɗa kuwa kiɗa ne zalla, fasto ya yi maraba da jama'a na minti biyu ya zauna. Dukansu suna da kyau. Abin da ba shi da kyau shi ne a sanar da ɗaya a yi ɗayan.

Na ga an yi haka a wani wuri, kuma har yau abin yana damuna. An rubuta "kiɗan jaz kyauta ga kowa", mutanen unguwa suka cika ɗaki, ana tsakiyar kiɗa aka tsayar da makaɗa, aka yi wa'azi na rabin awa tare da kiran masu tuba. Waɗanda suka fita ba su sake dawowa ba, kuma ba su yi laifi ba. An kira su da suna ɗaya, aka tarye su da wani. A unguwanni irin na Bronx a birnin New York, maƙwabcinka zai iya kasancewa Musulmi ɗan Kumasi ko ɗan Maraɗi, ko Bayahude, ko wanda rabonsa da wurin ibada tun yana yaro. In ka gayyace shi sauraron kiɗa, ka ba shi kiɗa. In sujada ce, rubuta sujada a takardar, wanda ya ga dama ya zo da saninsa. Baƙon da ka yi wa gaskiya a karon farko shi ne zai kawo maka wani baƙon.

Mataki na biyu: fasto da dattawa

Kada kwamiti ya yi gaban kansa. Ku je wurin fasto tukuna, sannan ku nemi a sa maganar a zaman dattawan ikkilisiya. Ku tafi da takarda shafi ɗaya: ranar da kuke so, yawan mutanen da kuke tsammani, kuɗin da za a kashe da inda zai fito, da sunan mutum ɗaya da za a tuhuma in wani abu ya lalace.

Za a sami dattijon da zai ce wannan kiɗa bai dace da ɗakin Ubangiji ba. Kada ku yi masa kallon wanda bai waye ba. Ku ba shi amsa da tarihi, cikin ladabi. Jaz ya tashi ne a New Orleans a farkon ƙarni na 20, daga waƙoƙin bayi da na majami'un baƙar fata, da makaɗan ƙaho masu raka gawa zuwa maƙabarta. Wanda ya tashi yana jin mawaƙi da 'yan amshi ba zai ji shi baƙo ba, don mai busa yana jefa magana ne sauran suna amsa masa. Mary Lou Williams, ɗaya daga cikin manyan masu kaɗa fiyano na jaz, ta tsara kiɗan sujadar Katolika, aka kuma yi shi a babbar majami'ar Saint Patrick ta New York a 1975.

Wata dattijuwa a wurinmu ta ce mini, "Ɗana, ni ba kiɗan ne damuwata ba. Kada dai a ɗora mini jaka a kan teburin Jibin Ubangiji." Na ce, "Mama, na ji, ba za a ɗora ba." A darenmu na farko sai ga akwatin saksofon a kan teburin, don ba wanda ya gaya wa mai shi. Shi bai san darajar teburin ba, mu ne muka yi sakaci. Tun daga ranar muke rubuta ƙa'idojin ɗaki mu aika wa shugaban makaɗa mako guda kafin taro: inda za a tsaya da inda ba a hawa, abin da ba a taɓawa a wajen bagade, babu giya a harabar, ga ɗakin da za a ajiye kaya. Ban taɓa samun makaɗin da ya ƙi ba.

Mataki na uku: kuɗi

A nan mafi yawan kwamitoci suke tuntuɓe. Sai ka ji ana cewa tunda taron kyauta ne kuma na majami'a, makaɗa su ma su yi don Allah. Ba daidai ba ne. Mai kaɗa fiyanon da kuke so ya shafe shekaru ashirin yana koyo, da wannan sana'a yake biyan haya, kuma daren Juma'a ko Asabar da zai ba ku shi ne daren cin kasuwarsa. Ba ku ce wa mai gyaran rufi ya yi don Allah ba. Littafi ma ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. A ganina fiye da rabin kasafin ya kamata ya tafi aljihun makaɗa. In kuɗinku bai kai na mutum biyar ba, ku ɗauki uku ku biya su da kyau.

Don sanin abin da ya dace a biya, ku kira reshen ƙungiyar makaɗa ta Amurka, wato American Federation of Musicians, na garinku. A New York reshen shi ne Local 802. Za su gaya muku mafi ƙarancin ladan da suka tsayar wa mambobinsu. Ku tambaye su kuma game da asusun Music Performance Trust Fund. An kafa shi a 1948 daga yarjejeniya tsakanin ƙungiyar makaɗa da kamfanonin faifai, aikinsa kuma shi ne tallafa wa kiɗan da ake yi kyauta a buɗe ga kowa. Ta hannun reshen ƙungiya ake nema, kuma sharaɗinsa ya yi daidai da abin da kuke son yi: ba a karɓar kuɗin shiga. Ku nema da wuri, watanni kafin ranar.

Ragowar kuɗin yakan fito ne daga wurare uku. Akwai hukumar raya fasaha ta gari ko ta jiha, mai ba da ƙananan tallafi, sai dai galibi takan so taron ya kasance na jama'a ne ba sujada ba, wanda ya sake mayar da mu mataki na farko. Akwai 'yan kasuwar unguwa, mai kantin magani ko mai gidan abinci, da za su ba da wani abu a sa sunansu a bayan takardar shiri. Akwai kuma baiko na son rai. Game da baikon nan, shawarata a ajiye kwando a bakin ƙofa, a faɗa sau ɗaya abin da za a yi da kuɗin. Kada a zagaya da faranti layi-layi. Wanda ya zo da aljihu wayam bai kamata faranti ya tsaya a gabansa mutane suna kallo ba.

In kuka ga kyauta zalla ba za ta ɗore muku ba, akwai hanyar da majami'ar Westminster Presbyterian ta kudu maso yammacin Washington ta bi. Tun 1999 take yin daren jaz kowace Juma'a, da ɗan ƙaramin kuɗin shiga, ana kuma sayar da abinci a ƙasan ginin. Amma in kun zaɓi haka, ku cire kalmar kyauta daga sanarwa.

Sauran abubuwan kashewa su ne mai gyaran sautin fiyano, mai kula da na'urar sauti, buga takardu, lasisi, da ɗan abin taɓawa. Ma'aji ya karɓi takardar W-9, wato fom mai ɗauke da suna da lambar harajin mutum, daga duk wanda za a biya, don sha'anin haraji.

Mataki na huɗu: neman makaɗa

Ku nemi shugaba ɗaya, shi zai zo da mutanensa. Kada ku tsinto makaɗa ɗaiɗai ku haɗa su da kanku. Inda za ku samu: sashen kiɗa na jami'a ko kwalejin da ke kusa, gidan rediyon jama'a mai shirin jaz, ƙungiyar masoya jaz ta gari, ko mai kaɗa fiyanon majami'ar baƙar fata da ke maƙwabtaka, don da yawansu da ƙafa biyu suke tafiya, coci ran Lahadi, jaz sauran mako. Ku je da kanku ku saurare shi a inda yake wasa kafin ku yi alkawari. Ku lura ko yana magana da jama'a tsakanin waƙa da waƙa. A taron unguwa, wanda ya iya cewa "wannan waƙar wane ya tsara ta, ga abin da za ku saurara" ya fi gwanin da ba ya ɗaga kai.

A karon farko mutum uku sun isa: fiyano, da babban bes na tsaye, wato ƙaton abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya, da ganguna. In akwai hali a ƙara mai saksofon ko mawaƙiya. Ku rubuta yarjejeniya ko da ta imel ce, da rana, da lokacin isowa, da tsawon wasa, da lada, da abin da za a yi in dusar ƙanƙara ta hana taro. Tsarin da aka saba shi ne zubi biyu na minti 45, da hutun minti 15 a tsakani. In akwai yara da tsofaffi da yawa, zubi ɗaya na minti 70 ya fi.

Mataki na biyar: lasisi da inshora

Wannan shi ne matakin da ba wanda ke son ji, kuma tsallake shi na iya jawo tara. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, sashe na 110, ta yafe wa wuraren ibada biyan haƙƙi a kan waƙoƙin da aka yi a cikin sujada. Taron kiɗa ba sujada ba ne, ko da a gaban bagade aka yi shi. Akwai wani rangwame ga taron da ba na neman riba ba kuma ba a karɓi kuɗin shiga ba, amma sharaɗinsa shi ne ba a biya masu wasa ko masu shiryawa ba. Tunda ku za ku biya makaɗanku, rangwamen bai hau kanku ba.

Saboda haka kuna buƙatar lasisi daga hukumomin da ke karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu, manyansu su ne ASCAP da BMI da SESAC. Akwai kamfanonin da ke sayar wa majami'u lasisin shekara guda mai haɗe su. Ku tambayi sakataren majami'a abin da kuke da shi yanzu, ku karanta shi da kyau, don lasisin da yawancin majami'u ke riƙe da shi na kwafe kalmomin waƙa ne a haska wa jama'a a bango, bai shafi taron kiɗa ba. Watsa taron kai tsaye a Facebook ko YouTube kuma wani lasisi ne daban, sannan sai da yardar makaɗan a rubuce.

Ku kira kamfanin inshorar majami'a ku gaya musu za ku buɗe ƙofa ga jama'ar gari. Ku duba takardar da hukumar kashe gobara ta ba ginin, wadda ta faɗi yawan mutanen da ɗakin zai ɗauka. Wannan adadi ba a ƙetare shi, ko da mutum goma ne ke tsaye a waje cikin sanyi.

Mataki na shida: ɗakin da sautinsa

Majami'a an gina ta ne don muryar mawaƙa da ogan, wato molon iska na coci, inda ake son sauti ya daɗe yana yawo a sama. Jaz kuwa kiɗa ne mai saurin ƙafa, yana son kowane bugu ya fito ya wuce. A ginin dutse mai dogon rufi, amsa-kuwwa na iya kai daƙiƙa uku ko fiye, sai bugun ganga na yanzu ya hau kan na ɗazu, komai ya cakuɗe kamar kunun da bai damu ba. Mun sha wannan wahala a darenmu na farko. Na gaba suna jin daɗi, na baya suna jin guguwa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka tsaya inda makaɗa za su tsaya, ɗaki ba kowa, ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka ƙirga har sautin ya mutu. In ya wuce daƙiƙa biyu, akwai aiki a gabanku. Ku shimfiɗa darduma mai kauri ƙarƙashin ganguna. Ku gaya wa mai ganga tun da wuri yanayin ɗakin, zai zo da burushi da sanduna marasa nauyi. Ku sauko da makaɗa daga can ƙurya ku kawo su kusa da benci na farko, sannan ku tsuke jama'a a gaba, ku ɗaure bencinan baya da igiya har sai na gaba sun cika. Jikin mutane da rigunan sanyinsu suna shanye amsa-kuwwa, shi ya sa cikakken ɗaki ya fi wofi daɗin ji.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne ƙara ƙarar lasifika. A ɗaki mai amsa-kuwwa, ƙarin ƙara ƙarin hayaniya ne. Ganguna da saksofon ba sa buƙatar makirufo a ƙaramar majami'a. Makirufo ɗaya na magana da waƙa, ɗaya ko biyu a fiyano in ya kama, bes kuma ya zo da ƙaramar amfilifayarsa. In duk kun yi wannan abin bai gyaru ba, ku mayar da taron zauren zumunci mai gajeren rufi. Ba shi da kyan gani kamar ɗakin sujada, amma kunne mutane suka kawo.

Fiyano a gyara sautinsa kwana ɗaya ko biyu kafin taro, bayan an riga an tura shi inda zai tsaya, a kuma bar na'urar ɗumama ɗaki a kan awo ɗaya. In an gyara shi a ɗaki mai sanyi aka zo aka ɗumama ranar taro, zai goce.

Mataki na bakwai: rana da sanarwa

Ku kauce wa makon Ista da makonni biyu na kafin Kirsimeti. Watan Afrilu yana da sauƙin talla, don shi ne watan karrama jaz a Amurka, kuma 30 ga wata ita ce ranar jaz ta duniya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ayyana a 2011. Fabrairu ma yana da kyau saboda watan tarihin baƙar fata ne. In kuna da maƙwabta Musulmi da kuke son gani, ku duba kada ranar ta faɗa cikin azumi. Ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi ko bakwai na daren Juma'a su suka fi karɓar iyali.

Sanarwa ta fara makonni shida kafin ranar. A rubuta sunan makaɗa da manyan baƙaƙe, sannan kyauta, da adireshi, da ƙofar da za a shiga. A kai ta ɗakin karatu na unguwa, da wurin wanki, da shagon aski, da gidajen tsofaffi, da makarantar sakandaren da ke da ƙungiyar kiɗa. Duk da haka, abin da ya fi kawo mana mutane shi ne ƙafa. Membobi biyu-biyu suna bin gidajen layin majami'a suna miƙa takarda hannu da hannu.

Ranar taro

Makaɗa su iso awa biyu kafin a fara. Mutum ɗaya ya tarye su a ƙofar da ta fi kusa, ya tanadar musu wurin ajiye mota, don mai bes da mai ganguna kaya ne da su. A gwada sauti minti talatin zuwa arba'in, wani ya tsaya a benci na ƙarshe yana faɗin abin da yake ji. A ba su ɗaki mai kulle, da ruwa, da abinci mai zafi. A nan zumuntar mata ba ta da na biyu. In za a raba wa baƙi abinci, a bar naman alade, a kuma rubuta in akwai gyaɗa a ciki, don a ƙasar nan akwai yaran da gyaɗa ke kai su asibiti.

Masu tarbar baƙi su tsaya a waje, ba a ciki ba. Wanda bai taɓa shiga majami'a ba, matakalar nan uku na bakin ƙofa su ne suka fi masa wuya. A nuna hanyar keken guragu da ta banɗaki da alama babba. A bar hanyoyin fita a buɗe. Kada a nemi sunan kowa ko lambar wayarsa a bakin ƙofa. Takarda a kan tebur ta isa, wanda ke son labarin taro na gaba ya rubuta da kansa.

Fasto ya yi maraba a taƙaice, ya nuna ƙofofin fita, ya gaya wa jama'a cewa a jaz ana tafa wa kowane makaɗi da zarar ya gama nasa zubin, ba sai waƙa ta ƙare ba. Mutanen coci sukan ji nauyin tafi a ɗakin sujada, sai an ba su izini. A fara a kan lokaci.

Ma'aji ya zo da cakin kuɗi a rubuce, a miƙa wa shugaban makaɗa a lokacin hutu ko da zarar an tashi, kafin ya fara naɗe waya. Kada a ce masa za a aika ta gidan waya bayan zaman kwamiti.

Bayan an watse

Mutum biyu su ƙirga baiko tare su sa hannu. A mayar da benci da fiyano da teburin Jibi yadda aka same su tun a daren, don wanda zai buɗe ɗaki da safe kada ya ga alamar an yi wani abu. A cikin mako a aika wa makaɗa da masu tallafi saƙon godiya, a miƙa wa dattawa rahoton shafi ɗaya mai ɗauke da yawan mutane, da abin da aka kashe, da abin da ya shigo, da abin da bai tafi daidai ba. Ku je da ranar taro na biyu a hannu a wannan zaman, ku nemi a amince da ita kafin a tashi, sannan ku kira shugaban makaɗa washegari ku ji ko yana da sarari a ranar.